Na Je Sujada Sau Ɗaya, Kunya Ta Hana Ni Komawa

Mama, barka da aiki. Ni budurwa ce mai shekara 27, haifaffiyar Jos, a can na girma na yi karatu. Wata biyu ke nan da na samu aikin ungozoma a wani ƙaramin asibiti a kudancin jihar Katsina. A gida cocinmu babba ne, mutum fiye da dubu, da Turanci ake sujada, ko ka zo ko ba ka zo ba babu mai lura. Da na zo nan, Lahadi biyar ina ɗaki ina bin sujada a waya. A ta shida na yi ƙarfin hali na tafi wata ƙaramar majami'a a bayan gari, mai rufin kwano da benci, mutanen ciki ba su wuce arba'in ba.

Tun daga ƙofa abin ya fara. Samari biyu suka tare ni, suka tambaye ni daga ina, suka buɗe jakata. Na shiga na zauna, ashe ɓangaren maza ne. Wata tsohuwa ta taso ta kama hannuna ta mayar da ni wajen mata, ta ciro ɗankwali daga jakarta ta ɗaura mini, kowa yana kallo. Da aka zo sanarwa fasto ya ce baƙi su tashi, ni kaɗai ce. Ya tambayi sunana da garinmu da aikina, har da ko ina da aure. Don ruɗewa na ce "ni ɗan Jos ne", aka kwashe da dariya. Aka ɗauko mini kujerar roba aka ajiye a gaba. Sau uku aka yi baiko, wato ba da kuɗi don aikin coci, ana fita gaba da rawa, ni kuwa dubu ɗaya ce tal a hannuna, na jefa ta a na farko. Da aka zo Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu, wani dattijo ya tambaye ni katin baftisma, ba ni da shi a nan, sai na zauna ina kallo, alhali tun ina shekara 15 aka yi mini baftisma. Ana sa albarka na sulale na fita, sai a ɗaki na tuna ɗankwalin tsohuwar yana kaina.

Ranar Talata mata biyu suka zo nemana a asibiti da kwanon gyaɗa. Na aika a ce musu ina aiki, suka bar kwanon suka tafi. Mama, in koma ne, ko in ci gaba da wayata, in riƙa shiga mota zuwa babban coci a birni in na samu dama?

Baƙuwa, daga kudancin Katsina

'Yata Baƙuwa,

Ki koma. Na sa amsar a gaba don kada ki yi ta nemanta a ƙasa. Amma kafin Lahadi akwai kayan mutane biyu a ɗakinki, ɗankwali da kwano, kuma su ne suka fi tsaya mini a rai cikin duk abin da kika rubuto.

Matan nan biyu, ki duba abin da suka yi. Ba ki tsaya kun gaisa ba ranar Lahadi, ba ki ba kowa lambar wayarki ba. Abin da kika faɗa a gaban jama'a kina rawar murya, shi suka riƙe, suka bar aikin gida da na gona ranar Talata suka tako har asibiti. Kwanon gyaɗa a gidan manomi kuɗi ne, abin da za a kai kasuwa a sayo gishiri da manja. Wanda ya raina ki ba ya yi miki wannan. Ke kin fita daga majami'ar kina ganin kin zama abin dariya, su kuwa sun koma gida suna cewa Allah ya kawo mana baƙuwa, kuma ta tafi ba mu ba ta ko ruwa ba. Kunya biyu ce ta haɗu, taki da tasu, su suka fara ɗaukar tasu suka zo da ita. Da kika ƙi fitowa ba ki kyauta ba, na faɗa miki a fili don kin kira ni Mama, amma abu ne mai gyaruwa cikin yamma ɗaya.

Na san abin da kika ji, domin ni ma na taɓa zama baƙuwa a irin wannan bencin. Ina amarya aka tura maigidana koyarwa wani ƙauye, na shiga majami'ar da ban san kowa ba, na ji idanu suna bina tun daga ƙofa har na zauna. Na koma gida na yi kuka. Matar da na fi jin tsoron kallonta a ranar ita ce ta zauna da ni kwana bakwai da na haifi ɗana na fari, ita ta riƙa dafa mini ruwan wanka. Ba na cewa haka taki za ta kasance daidai. Ina dai gaya miki cewa ranar farko ba ta nuna wa baƙo komai sai tsoronsa. Baƙo ko da ido makaho ne, in ji Hausawa.

Bari mu bi ranar daki-daki, don wasu abubuwan suna da dalili, wasu kuma an yi miki ba daidai ba, bai kamata a cakuɗa su ba.

Samarin ƙofa aikinsu suka yi. Ke da kika tashi a Jos kin san shekarar 2012, da aka kai harin bam hedikwatar cocin COCIN da ke nan Jos a watan Fabrairu ana cikin sujada. Kafin nan an yi na cocin Madalla kusa da Abuja ranar Kirsimeti ta 2011, bayansa aka yi na masu sujada a Jami'ar Bayero a watan Afrilu. Masallatai ma ba su tsira ba, kowa ya tuna babban masallacin Juma'a na Kano a Nuwamba 2014. Tun daga lokacin ne wuraren ibada suka koyi tsayar da mutum a ƙofa. A babban coci akwai na'urar bincike da masu kaki, shi ya sa ba kya jin abin a jikinki. A ƙaramar ikilisiya yara biyu ne da ba a biyan su ko sisi, sun san fuskar kowa a garin, sai ga fuskar da ba su sani ba, a yankin da 'yan bindiga suka hana mutane barci. Ranar Lahadi ki riga su gaisuwa, ki buɗe jakar da kanki. Ba za su sake tambayarki daga ina ba.

Zaman maza daban mata daban tsohuwar al'ada ce a majami'un karkara da yawa, yara kuma a gaba a kan tabarma. Ba wanda ya riƙe ki da wannan, kowa ya san rashin sani ne.

Ɗankwali kuwa, a nan zan ɗan daɗe. Masu cewa dole mace ta rufe kai a sujada suna kafa hujja da 1 Korantiyawa sura 11, ikilisiyoyi kuma sun bambanta a kan yadda suke fahimtar wurin. Ni dai ban yarda cewa ceton mutum yana rataye a ɗankwali ba. Amma ki duba garin da kike. Daga matar liman har matar fasto babu mai fita kai a buɗe. A wajensu mace babba ta zauna cikin taro ba ɗankwali kamar ta fito ba ta gama shiri ba ne. Tsohuwar nan ba ta aiko a gaya miki ki fita ba, ba ta tsaya daga nesa tana nuna ki da baki ba. Nata ta ciro ta ɗaura miki da hannunta, irin yadda uwa ke gyara wa 'yarta zane a bainar jama'a. A ganinta asirinki ta rufa. Da ta ja ki gefe ta miƙa miki a ɓoye da ya fi, wannan gaskiya ne, amma tsofaffinmu ba su saba da wannan lallashin ba. In ka je gari ka tarar kowa da jela, kai ma sai ka nemo taka. Ki sayi ɗankwali biyu ki ajiye, ba za su rage miki komai daga iliminki ko 'yancinki ba.

Dariyar "ɗan Jos" ma ki sauke ta daga zuciyarki. Hausar Jos da ta ƙasar Katsina ba ɗaya ba ce, kowa ya sani, kuma mutanen da Hausa ce nonon da suka sha ba sa iya riƙe dariya in mace ta ce ita ɗa ce. Dariya ce ta jin daɗi, irin wadda ake yi wa na gida. Wataƙila ma sunan ya bi ki. In wani ya kira ki da shi ki amsa da fara'a, nan da nan za ki ga an saki jiki da ke. Ki shirya jimla uku ko huɗu a ranki ko da za a sake tayar da ke: sunanki, garinku, aikin da ya kawo ki, da roƙon a sa ki a addu'a. Shi ke nan, ki zauna.

Abin da ban goyi bayansa ba shi ne tambayar aure a gaban jama'a. Fastoci da dattawan da ke karanta wannan fili, don Allah ku daina. Budurwar da ta zo garin da ba ta da kowa, a sanar wa ɗaki guda cewa ita kaɗai take kwana, wannan bai dace ba ko ta fuskar kunya ko ta fuskar tsaro. Tambaya ce ta matar fasto, a tsakar gida, bayan an saba. Ke kuma in aka sake yi miki ita, ki yi murmushi ki ce, "Baba, wannan sai na zo gaishe ku a gida." Ba ki yi rashin kunya ba, ba ki kuma ba da amsa ba.

Kujerar roba karamci ce, amma kina da ikon ƙin ta. Ki ce, "Baba, ku bar ni cikin iyayena mata, a nan zan fi koyon waƙa." Wasiƙar Yakubu sura 2 ta ja kunnen ikilisiya a kan ba mai kyawawan tufafi wurin zama na musamman, don haka babu dattijon da zai ji haushi. Kuma muddin kina kan kujerar nan baƙuwa ce ke, ranar da kika matsa cikin benci aka ɗora miki jaririn wata a cinya, ranar kika shiga.

Batun baiko. A cocinku na Jos akwai 'yan kasuwa da manyan ma'aikata, baiko ɗaya ya isa ya biya komai. A nan, daga ɗan abin da ke cikin kwanon nan ake ba fasto abin hannu, a aika kason gunduma, wato ofishin ɗarika da ke kula da majami'un yankin, a sayi kwanon rufi in iska ta yaye, a taimaki gwauruwa ko mara lafiya. Shi ya sa ake rarraba shi, wannan na sujada, wannan na gini, wannan na godiya ko na bishara. Yawancin masu fita da rawar nan abin da ke dunƙule a hannunsu bai wuce hamsin ko ɗari ba, kuma a dunƙule ake jefawa don kada na kusa ya gani. Ƙarfinsu sai da kaka, ranar godiyar girbi, za ki ga damman dawa da buhunan masara da kaji a gaban bagade. Maganin matsalarki mai sauƙi ne: ranar Asabar ki canza dubunki wajen mai shago zuwa ɗari bibbiyu. In ma babu, ki fita ki taka rawar ki dawo, ko ki yi zamanki, babu mai rubuta suna. Gwauruwar da Yesu ya yaba a Markus sura 12 anini biyu ta jefa.

Sai dai ki san wani abu. Ke mai albashi ce a cikin manoma, ido zai kasance a kanki ranar da aka kafa gidauniya. Ki yanke abin da za ki iya tun daga ɗakinki, kamar yadda 2 Korantiyawa 9:7 ta koyar, kada ki yi alkawari a tsaye don an kira sunanki ana tafi. In aka matsa ki ce za ki ga ma'aji daga baya. Kina da iyaye da ƙanne a gida, kuma albashin sabuwar ma'aikaciya ba ya zuwa da wuri kullum.

Na san inda ya fi yi miki zafi shi ne Jibin Ubangiji. Shekara goma sha biyu kina ci, sai ga shi kin zauna kina kallo kamar wadda aka sa a horo. Wannan ciwo ne na gaske, ba zan raina shi ba. Amma dattijon bai ce ke ba mai bi ba ce. Ikilisiyoyi da dama a arewa suna tsare teburin nan sosai: sai wanda aka yi wa baftisma, wanda kuma ba ya ƙarƙashin horo a inda ya fito. A wurin da kowa ya san kowa ba a bukatar tambaya, baƙo ne kaɗai ake tambaya, kati ko takarda ita ce shaidarsa. Abin ba sabo ba ne. A Romawa 16 Bulus ya rubuta wa ikilisiyar Roma shaida a kan Fibi don su karɓe ta, a Ayyukan Manzanni 18 kuma 'yan'uwa sun rubuta wa Afolos takarda da zai haye Akaya. Ki kira fastonku na Jos cikin makon nan ya rubuta miki takardar shaida, a ɗauki hotonta da na katinki a turo miki ta WhatsApp, na ainihin su biyo mota. Ki kai wa faston nan a gidansa ranar aiki, ba ranar Lahadi da kansa ke cike ba, ki kuma tambaye shi a fili ko ɗarikarsu tana karɓar 'yan ɗarikarku a teburin. Wasu suna karɓa, wasu kamar Katolika suna da dokarsu. Gara ki sani tun yanzu da ki sake tsayawa a layi a mayar da ke.

Yanzu bari in gaya miki su wane ne mutanen da kika shiga cikinsu, don ina jin ba a gaya miki ba. A ƙasar Malumfashi da Kafur, da kudancin Kano wajen Rogo da Tudun Wada da Sumaila, akwai Hausawa Kirista, Hausawa gaba da baya, ba su da wani yare sai Hausa. Iyayen wasunsu da kakanninsu daga addinin gargajiya suka shigo. Kada ki kira su Maguzawa, da yawansu ba sa son sunan, balle kalmar arna. Mutane ne da suka gaji da tambayar "Bahaushe kuma Kirista?", daga Musulmi da kuma daga Kiristocin wasu wurare. Za ki ji suna sallama irin ta kowa, suna cewa in Allah ya yarda, sunayensu da suturarsu irin na maƙwabtansu. Tushensu kuma ba na jiya ba ne. A Wusasa kusa da Zariya akwai majami'ar St. Bartholomew da aka gina da ƙasa a 1929, ginin Hausa sosai, tana nan har yau. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dakta Walter Miller ya ba shekaru masu yawa na rayuwarsa. Da wannan Hausar ce bishara ta ratsa ƙasarku ta Filato, tun daga 'yan mishan na ƙungiyar SUM da suka sauka a Wase a 1904 da na ƙungiyar SIM waɗanda aikinsu ya haifi cocin ECWA a 1954. Shi ya sa har sunayen wasu ɗarikun da Hausa suke, kamar HEKAN (Haɗaɗɗiyar Ekklisiyar Kristi a Nijeriya) da EYN (Ekklisiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) da TEKAN (Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Nijeriya). Ina kyautata zaton kakarki da Hausa ta yi waƙoƙin sujada. Ki sayi littafin waƙoƙi na Hausa ki riƙa bi da ido, za ki ji muryoyin da kika sani tun kina goye, kalmomin ne kawai suka sauya. Ranar da matan zumunta suka tashi da tulunsu da ganga, ki lura ko ƙafarki ba ta motsa da kanta ba.

Akwai kuma kayan da nake so ki bari a tasha. Kin girma a garin da rikicin 2001 da 2008 da 2010 ya raba unguwanni, har yaro ya tashi ya san layin da ba ya tsallakawa. Ba laifinki ba ne in wannan tsoron ya biyo ki. Amma a inda kike yanzu, mai yiwuwa tsohuwar da ta ɗaura miki ɗankwali tana da ƙane ko jika Musulmi, gida ɗaya ko katanga ɗaya, ana kai wa juna tuwon Sallah da shinkafar Kirsimeti. Suna da nasu damuwar da ƙorafin, za su gaya miki in sun yarda da ke, amma su suka san yadda suke zaune da danginsu. Ki saurara da yawa kafin ki sa baki. Matan da za ki karɓi haihuwarsu ma yawancinsu Musulmi ne, kuma yadda kika riƙe su shi ne wa'azin da garin zai ji daga gare ki.

Sujadar waya ba haramun ba ce, ki ci gaba da jin wa'azin cocinku da yamma in kina kewar gida. Amma waya ba ta san ranar da zazzaɓi ya kwantar da ke ba. Ba za ta aiko yaro da kunu ba, ba za ta raka ki asibiti da tsakar dare in aka kira ki haihuwa ba, ba za ta gaya miki wace hanya ce ba a bi bayan la'asar ba. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne a yankin da kike. Zuwa birni kuma, sau ɗaya a wata ko wata biyu babu laifi in hanya ta yi kyau, amma in kika mayar da shi na kowane mako za ki ƙare da kuɗin mota da gajiya, kuma a can ma ba wanda zai san sunanki. A babban coci mutum yana iya ɓuya shekara goma. A ƙarami ba a ɓuya, wannan shi ne nauyinsa, kuma shi ne abin da mace ita kaɗai a baƙon wuri ta fi bukata.

Da yake na ce ki koma, dole in gaya miki wahalar da ke gaba, don ba ta kallo ba ce. Wahalar ita ce za su so ki da yawa. Kafin wata uku za a ce ki riƙe makarantar Lahadi, ki zama sakatariyar matasa, wataƙila har ma'aji, don kin yi boko. Ki ce a ba ki wata shida ki san mutane tukuna. Kowace ƙaramar ikilisiya tana da gidaje biyu ko uku da suka daɗe suna ja-in-ja, a kan fili ko aure ko kujerar dattijo, kuma baƙon da ya karɓi muƙami da wuri yakan tsinci kansa a ɓangare bai sani ba. In aka kawo miki ƙarar wani ki ce Allah ya kyauta, ki yi shiru. Kalmar "a Jos haka muke yi" kuwa ki haɗiye ta gaba ɗaya har shekara ta zagayo. Sannan za a riƙa tare ki bayan sujada da ciwon baya da tarin yaro da kumburin ƙafa. Ki saurara da mutunci, ki ce a same ki a asibiti ranar Litinin, kada ki mayar da jakarki kantin magani. In kika ga mai ciki da alamar haɗari, wannan kam kada ki jira Litinin. Abin da kika gani a ɗakin haihuwa kuma ya tsaya a can, ko da matar fasto ce ta tambaya.

Akwai abubuwan da in kika gan su zan ce ki tattara ki bar wurin ba tare da waiwaye ba: fasto mai sayar da ruwa ko mai da sunan warkarwa, mai hana masu ciki zuwa awo ko hana mara lafiya shan magani, mai kunyata wanda bai ba da kuɗi ba, mai zagin maƙwabta daga kan bagade, ko mai neman ki same shi ke kaɗai da dare don addu'a ta musamman. A cikin wasiƙarki ban ga ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da na gani mutane ne da ba su saba da baƙi ba, suka rasa yadda za su yi da murnarsu. Ibraniyawa 13:2 ta ce a riƙa yi wa baƙi alheri, don ta haka waɗansu suka sauki mala'iku ba su sani ba. Masu karatu a karkara sun ɗauki ayar nan da gaske.

Ga abin da za ki yi. Gobe ki wanke ɗankwalin ki goge shi ki ninke. Kwanon nan kuma ba a mayar da shi wayam, ki sa sabulu biyu ko ɗan sukari a ciki ki rufe. Da yamma bayan kin tashi aiki ki tambayi gidan fasto, kowane yaro zai nuna miki. Ki durƙusa ki gaida shi da matarsa, ki ce kin zo ban haƙuri a kan fitar da kika yi ba sallama, ki roƙi matar ta raka ki gidan tsohuwar da gidajen matan nan biyu. Ba sai kin yi dogon bayani ba, "Mama, kunya ce ta kama ni" ya isa, kowace mace ta san wannan. Za a ba ki ruwa, ki sha. Za a ba ki tuwo, ki sa hannu ko loma uku ce.

Ranar Lahadi ki isa kafin a fara, lokacin da ake share ɗaki ana jera benci, don shiga cikin mutum biyar ya fi sauƙi da shiga cikin arba'in. Ki zauna kusa da tsohuwar, ki bar ta ta riƙa buɗe miki lambar waƙa. In aka tashi kada ki yi sauri, ki tsaya a inuwa ki gaisa da kowa, tsofaffi tukuna. Ki yi haka Lahadi huɗu a jere kafin ki yanke hukunci, sannan ki sake rubuto mini. Ina so in ji ko takardar ta iso daga Jos, da kuma sunan da suka sa miki.